Notin da Ya Karye a Motar Surukina

Mun ɗaga daga unguwar Yalwawa a Dutse ana idar da sallar asuba, ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku a mota, za mu ɗaurin auren wani abokin aikinmu a Miga. Da yawa daga cikinku sun tambaye ni dalilin da ba su gan ni a hotunan biki ba, alhali ni na fi kowa cika baki cewa zan riga ango zuwa. To ga abin da ya faru. Ku yi mini uzuri idan labarin ya yi ta kwana-kwana, domin ni kaina yini guda na yi ban san inda aka dosa ba.

Motar ba tawa ba ce, tawa ta yi mako uku a gareji tana jiran kaya. Ta surukina ce, mahaifin maiɗakina, wanda nake kira Baba. Tsohon makanike ne, a garejin gwamnati ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ban taɓa ganin ya miƙa wa wani makullin motar nan ba, har 'ya'yan cikinsa. Maiɗakina ce ta je ta roƙa mini, don ni ko da wasa bakina ba zai iya ba. Da na je karɓa ranar Juma'a da yamma, sai na tarar da shi kwance a kan kwali a ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu, ya ce ya canja mata bel ne saboda tafiyar da nisa. Na durƙusa na karɓi makullin da hannu biyu, ya ce, "Malam, ka dawo mini da ita yadda ka ɗauke ta." Na ce in sha Allahu, Baba. Wannan maganar ita na ɗauko a kaina tun daga ƙofar gidansa.

Abokan tafiyata biyu ne. Ɗaya abokin aikina ne a ofis, mutumin kirki, sai dai Allah bai halicci abin da bai sani ba, daga maganin basir har siyasar ƙasashen waje. Ɗayan maƙwabcina ne mai sayar da dabino, wanda in ya shiga mota kafin a sa giya ta uku ya yi barci.

An yi ruwa da daddare, gari ya yi luf, duwatsun Dutse sun yi baƙi wuluk don jiƙa. Muka wuce Shuwarin masu rumfuna ba su gama buɗewa ba. A Kiyawa muka tsaya wurin mai shayi, inda na tarar ƙwai ɗaya ya kai naira ɗari biyu da hamsin, abokin aikina kuwa ya tsaya yana yi wa mai shayin bayanin dalilin tsadar abincin kaji, kamar shi mai shayin ba ya zuwa kasuwa. Biredin na jiya ne amma shayin ya ji citta. Daga nan muka karya kwana muka nufi Jahun. Hanyar ba laifi, sai ɗan ramuka da ruwa ya cika, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Gero ya kai kafaɗar mutum hagu da dama, ga gyaɗa ta baje, ga riɗi ya fara fure. Ni dai ban more kallon ba, idona yana kan kwalta. Tafiya nake kamar na ɗauko ƙwai a faranti, har 'yan acaɓa masu goyon mutum uku suna wuce mu suna waiwaye.

Mun bar Jahun da kamar minti goma sha biyar, ƙasa ta fara kwanciya, shinkafa ta fara maye gurbin gero a wuraren da ruwa ke tsayawa, sai na ji ƙwas daga gaba, sannan wani gararar kamar an saki murfin tukunya a kan siminti. Sitiyari ya yi nauyi a hannuna, jar fitilar batir ta kama. Ta madubi na hango wani abu zagayayye yana gangarawa gefen titi ya shige gona. Na lallaɓa na gangara ƙarƙashin wata tsamiya a bakin wani ɗan ƙauye, na kashe mota. Ƙarfe takwas da rabi ne.

Ni ma'aikacin ofis ne, abin da na sani a mota shi ne wurin zuba mai da wurin zuba ruwa. Na buɗe bonet na tsaya ina kallo don kada a ce ban yi komai ba. Abokin aikina ya leƙa ya ce batir ne. Maƙwabcina da ƙarar ta tashe shi ya bi gefen titi ya shiga gonar mutane, can sai ga shi da wani faifan ƙarfe mai nauyi a hannu ɗaya, da kan wani ƙaton noti a ɗaya hannun. A jikin faifan akwai ɗigo biyu na jan fenti, a kan notin ma haka. Ban ɗauke su a bakin komai ba.

Ƙauyen ɗan ƙarami ne: masallaci, injin niƙa, shaguna huɗu ko biyar, rumfar mai walda, sai rumfar makanike a tsallaken titi. Na yi hamdala, na ce ai faɗuwar ta zo da sauƙi. Makaniken ya tsallako da kansa tun ban kira shi ba. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara furfura, kuma Dogo na ji mutanen garin suna kiransa. Muka gaisa, ya ɗaga motar a jak, ya cire tayar gaba ta dama, ya haska da fitilar waya. Ya yi mini bayani dalla-dalla yadda ko ni na gane. Faifan nan shi ake kira fuli, shi ke juya bel. A bakin kiranshaf yake zaune, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, kuma noti ɗaya tak ke riƙe da shi. Notin ne ya karye, kansa ya fita, gindinsa ya maƙale a cikin ramin kiranshaf ɗin. Ya ce idan aka fitar da guntun lafiya, aiki ne na awa ɗaya. Idan kuwa aka ci zaren ramin, wanda su ke kira tiredi, to sai an sauke inji gaba ɗaya.

Da na ji sauke inji sai na ga ƙofar gidan Baba a idona, na ga kaina tsaye a gabansa da motarsa a bayan babbar mota. Na ce, "Don Allah Malam Dogo, a fitar da shi lafiya."

Ya ce ba komai, ya miƙa hannu aka ba shi fulin. Ya juya shi, ya kai idonsa kan jan fentin nan, sai ya tsaya. Ya dubi lambar motar, ya zagaya bayanta, ya dawo ya dube ni. Ya ce, "Mai motar yana lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, ta wani babana ce. Ya ce madalla. Ya ajiye fulin a kan kujerar direba a hankali, ya shimfiɗa masa tsumma tukuna, sannan ya ce bari ya je ya dawo.

Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Mutumin da ya ce aikin awa ɗaya ne, ya tsallaka rumfarsa ya zauna a kan benci yana kallon motar daga nesa. Na ba shi minti ashirin na bi shi. Ya ce ai aikin na mai walda ne, za a ɗora wani noti a kan guntun a like su da wuta, sannan a kwance. Na je wurin mai walda, wani kakkauran mutum mai fara'a. Ya zo ya leƙa, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya yi irinsa ba adadi a injinan ban ruwa. Dogo ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya nuna masa fulin. Sai mai walda ya sosa ƙeya ya ce mini gaskiya janaretansa ba mai. Na ce zan sayo. Ya ce ba man ba ne kaɗai, wayar wutar ma ba za ta kai nan ba. Na ce mu tura motar. Ya ce to, bari dai ya ga. Ya koma rumfarsa, ina ji ina gani ya tayar da janaretan da ba mai ya ci gaba da walda a ƙofar wani gida.

Abokin aikina ya ja ni gefe ya ce shi ya gano su, so suke rana ta yi mu galabaita su tsuga kuɗi. Na yarda da shi, don ba ni da wata fassarar. Na koma wurin Dogo na ce ya faɗi ko nawa ne, ba zan yi ciniki ba. Wallahi sai na ga ransa ya ɓaci kamar na zage shi. Ya ce, "Haba Malam, wa ya yi maganar kuɗi?" Ya tashi ya shiga cikin gari. Jim kaɗan sai ga tabarma an shimfiɗa mana a gindin tsamiya, ga ƙwaryar fura da nono mai sanyi, ga masara gasasshiya. Na tambayi nawa ne, aka ce Dogo ya hana a karɓa. To wanda ke son ya cuce ka ne zai ba ka fura kyauta? Abokin aikina ya sha ludayi uku ya canja fatawa, ya ce to lallai zargin motar sata suke, suna riƙe mu ne kafin 'yan sanda su zo. Maƙwabcina ya gyara kwanciya a tabarma.

Kafin ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da ake ɗaura auren da muka fito dominsa, motar nan ta zama abin kallo. Duk direban hayar da ya biyo sai ya rage gudu, wasu su tsaya su leƙa. Wani makaniken babura ya zo daga ƙauyen gaba, ya ce a huda tsakiyar guntun da injin huda a sa masa abin kwancewa. Wani ya ce a'a, hannu na gocewa kaɗan an ci tiredi. Wani tsoho mai gyaran injin niƙa ya ce a jiƙa shi da man birki a bi shi da kurfi a hankali. Kowa ya san yadda ake yi, kowa ya faɗa da ƙwarin gwiwa, kuma kowa da zarar an nuna masa fulin sai ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya yi mini sallama da ladabi fiye da yadda ya zo. Har wani ya cire hula ya gaishe da motar, ko ni ya gaisar, ban tantance ba. Na fara tunanin ko akwai wani abu a jikin faifan nan da idona ba ya gani. Na ɗauke shi na juya, na shinshina ma, ƙarfe ne da baƙin mai da ɗigon fenti biyu.

Na yi tunanin neman wani makaniken daga Jahun. Na tsayar da ɗan acaɓa, Dogo ya taso da sauri ya ce kada in wahalar da kaina, na Jahun ɗin ma da ya zo haka zai tsaya. Na ce saboda me? Ya ce, "Ai ka sani, Malam." Na rantse masa ban sani ba. Ya yi murmushi irin na wanda ake zolaya, ya koma bencinsa. A lokacin na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, ga zafin rana ya fito bayan ruwa, ga babbar rigata ta shadda ta sha baƙin mai a hannu.

Bayan mun yi azahar a masallacin garin, wata dattijuwa ta aiko a kira ni. Tana zaune a zauren wani gida kusa da titi da tukunyar dambu a gabanta, tana sayarwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta zuba mini dambun zogale da ƙuli a kwano, ta yaryaɗa man gyaɗa, ta ce ita ce mahaifiyar Dogo.

Ta ce, "Kai ɗan nan, tun safe nake kallonka kana zarya kamar kazar da za ta yi ƙwai. Wai da gaske ba ka gane ba?"

Na ce, "Wallahi Iya ban gane komai ba."

Ta ce, "Motar maigidansu ce. Shekara tara ɗana ya yi a hannunsa a Dutse, a gidansa yake ci, shi ya yi masa aure. Mai waldar nan ma ta hannunsa ya bi. Jan fentin da kake ta juyawa, in maigidan ya ɗaure noti da hannunsa ya gama, shi yake ɗiga wa. Duk wanda ya koya a wurinsa ya san ba a sa sifana a kan jan fenti sai da izininsa. To yau ga jan fenti ya karye a tsakiyar titi. In ɗana ya taɓa, ya nuna wa duniya yana gyara kuskuren maigidansa. In kuma ya kira shi, ya ce masa me? Notinka ya karye?"

Na ajiye kwanon. Ta ce, "Kai ne surukin, ai sun gane ka tun da ka kasa faɗin sunansa. Jira suke ka kira shi."

Na ce, "Iya, ni ma da wane bakin?"

Ta yi dariya har tana tari, ta ce, "To ku yi ta zama, dambu bai ƙare ba."

Ashe tun safe ni suke jira, ni kuma su nake jira. Na fito na tsaya a bayan tsamiya na lalubo lambar Baba. Sau huɗu ina dannawa ina katsewa kafin ta shiga. Na shirya maganar a raina iri-iri, kowacce in na auna sai in ji ko dai ta ɗora mini laifi ko ta ɗora masa, kuma ban san wacce ta fi muni ba. Na kira maiɗakina don ta shiga tsakani, wayarta a kashe. Na fi awa ina nan tsaye ina gumi, sai wata bas ta haya ta tsaya a gabanmu. Aka buɗe ƙofa, aka fara sauko da wani tsohon akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti, sannan mai akwatin ya sauko a hankali yana dafa ƙofa. Baba ne.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Dogo ya tsallako titi a guje, ya zube, mai walda ya kashe janareta ya zo ya zube. Baba ya amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Dogo iyali da mahaifiyarsa, sannan ya juyo gare ni. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tun ƙarfe goma wani direba ya zo har gida ya gaya mini. Na ɗauko akwatina na zauna a ƙofar gida da waya a hannu. Na ce ko Malam zai kira, ko Dogo zai kira. Har aka yi azahar."

Bai ƙara ko kalma ba a kan wannan, kuma da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Aka kawo masa kujera 'yar tsugune ya zauna a gaban ramin tayar. Ya karɓi kan notin da ya karye ya daɗe yana kallon wurin karayar, yana shafawa da babban yatsa. Ya sa aka cire kan batir. Ya ɗiga man birki a ramin, ya ce a ba shi minti goma ya ratsa. Ya yi mana bayani, ko in ce ya yi wa Dogo ni ina saurare, cewa noti in kansa ya fita ƙarfinsa ya tafi, abin da ke riƙe da guntun tsatsa ce kawai da ɗan ƙarfen da ya tauye a bakin karaya, don haka ba ƙarfi ake bukata ba, saiti ake bukata. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani siririn kurfi mai tsini da 'yar ƙaramar guduma. Abin da za a yi shi ne a kafa tsinin a gefen guntun, a karkace, a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ta hagu har ya fara juyawa.

Ya kafa tsinin, ya ɗaga guduma, sai kurfin ya zame. Ya sake kafawa, ya sake zamewa. A karo na uku na lura da abin da kowa ya riga ni gani, hannunsa na hagu rawa yake yi, tsinin yana kaɗawa a bakin ramin, kusa da tiredin da ake tsoron ci. Mai walda ya juya yana kallon gonar shinkafa, Dogo ya sunkuyar da kai. Baba ya sauke hannunsa a kan gwiwa ya daɗe a haka.

Sannan ya ce, "Ni na kashe notin nan jiya. Da can in ina ɗaurewa, hannuna ke gaya mini ya isa. Jiya na ja, na ja, ban ji komai ba, sai na zura wa sifanar bututu na ƙara ja." Ya miƙa kurfin da gudumar sama ba tare da ya waiwaya ba. "Dogo, zo ka cire."

Dogo ya ce, "Maigida, ai da kai..."

Ya ce, "Zo ka cire, rana tana yi."

Dogo ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa a gefen kujerar. Bugun farko tsinin ya kama. Ya riƙa bi a hankali, tik, tik, tik, Baba yana cewa ƙara karkatawa, ya isa, sake wuri. Guntun ya motsa kamar faɗin ƙwayar gero, muka yi kabbara, sai kuma ya cije ya ƙi gaba. Nan Baba ya ce a kawo walda. Sai ga wayar da ba ta kaiwa ta kai har da saura. Ya sa aka naɗe bakin injin da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya ƙona robar da ke tare mai. Ya sa aka ɗora wani noti mai faɗin rami a kan guntun, ya ce a maƙala wayar ƙasa a jikin notin kansa, kada a maƙala a jikin inji wuta ta bi ta ciki ta yi ɓarna. Mai walda ya ɗiga wuta a tsakiyar ramin sau uku, gajeru-gajeru. Aka jira ya huce, jiran da ya fi mini na safe tsawo. Dogo ya sa sifana ya taɓa ta hagu kaɗan, ya dawo dama kaɗan, ya sake hagu. Sai ga shi yana tahowa, har ya ajiye sifanar ya ƙarasa da yatsu. Ya ɗora guntun a tafin hannun Baba, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.

Baba ya haska ramin ya ce tiredi lafiya lau. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da sabon noti a naɗe cikin takarda, ashe da shi ya taho tun daga Dutse. Dogo ya mayar da fuli, ya ɗaure, ya mayar da bel. Da ya gama ya matsa gefe don maigidansa ya gwada ɗaurin, Baba ya ce ba sai ya gwada ba. Na murza makulli mota ta tashi, jar fitila ta mutu. Na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya, amma murnar ba ta cika ba, kuma a lokacin ban san dalili ba.

Muka yi la'asar a garin. Baba ya shiga zaure ya gaisa da mahaifiyar Dogo, ta cika mana leda da dambu. Miga dai ba mu ƙarasa ba, sai waya muka yi wa ango muka ba shi haƙuri. Na miƙa wa Baba makulli, ya ce in ja, ya zagaya ya zauna a gaba kusa da ni. A Jahun ya sa na tsaya ya sayi soyayyen kifi na jikoki, ya yi ciniki sosai har mai kifin ta rage masa. Wajen Kiyawa hadari ya taso ta gabas amma bai sauko ba. Sau ɗaya kawai ya yi mini magana a kan tuƙi, ya ce in daina ɗora ƙafa a kan kuloci.

Ana kiran magariba muka shigo Dutse. Na sauke abokan tafiyata a bakin layinmu, na wuce da Baba gidansa. Na gyara fakin, na buɗe but don in sauke masa kaya, sai na ga ledar dambu kawai da tayar safaya. Akwatin ƙarfen nan babu. Na ce yau kuma ga wani sabon laifin. Na bi shi da sauri har bakin zaure na durƙusa na ce, "Baba, an manta akwatinka a wurin Dogo. Gobe da sassafe zan hau mota in ɗauko."

Ya tsaya yana cire takalmi, bai juyo ba. Ya ce, "Ba mantuwa na yi ba, Malam. Shigo mu yi salla."

Da na koma gida na ba maiɗakina labari tun daga farko, tana ta dariyar zaryar da na yi, har na zo kan akwatin. Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Daga baya ta gaya mini tun kafin a haife ta yake da akwatin nan, kuma ko mahaifiyarsu ba ta taɓa ɗaga shi daga inda ya ajiye ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na san fuli, na san tiredi, na san ba a fara huda karyayyen noti sai an gwada lallashinsa. Na kuma san cewa yini guda na yi ina tsoron kunyar da zan ji, ban taɓa kawo wa raina abin da shi zai ji ba. Mu uku, ni da Dogo da mai walda, kowa yana ganin girmama shi yake yi, muka bar dattijo zaune a ƙofar gida awa huɗu da waya a hannu, yana jiran wani a cikinmu ya ce yana bukatarsa. Motar ta dawo yadda na ɗauke ta, mai motar ne bai dawo yadda ya fita ba. Tun ranar kullum bayan la'asar sai na kira shi, ko ba ni da abin faɗa. Jiya na tambaye shi wata ƙara da tawa motar ke yi in na taka birki tun kafin ta shiga gareji, ya riƙe ni a waya minti arba'in.